Feshi a Gayaunar Inna

Ni ce 'yar farin Inna Yelwa, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana nemana sai ta ce, "Ina waccan?" Idan na yi girki ya yi daɗi sai ta yaba wa itacen da aka hura wuta da shi. Mu mutanen Gude ne a ƙasar Kabo, amma kakanninmu da shanu suka zo. Shanun sun ƙare tuntuni, suka bar mana gona da 'yan awaki da kunya, kunyar kuwa Inna ce ta kwashi kaso mafi tsoka.

Da na auri Uwaisu na koma Getso, shi ma sai ya shiga sahu. Shekara huɗu cur, ban da gaisuwa babu maganar da ta taɓa haɗa shi da ita. Tun daga zaure zai tuɓe takalmi, ya je can kusa da turken awaki ya durƙusa, ya gaishe ta kansa a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Wani lokaci nakan rasa wa ya fi wani jin kunya a cikinsu.

Sai da na haifi Zinnira sannan Inna ta samu bakin magana. Jika ai abokiyar wasa ce, babu kunya tsakaninta da kaka. Daga nan duk abin da Inna take so mu ji, sai ta faɗa wa jaririyar. "Ƙawata, ki ce wa uwarki gishiri ya yi yawa a miyar nan." Lokacin Zinnira kwananta arba'in a duniya, tana ta sharar barci. Ni kuma sai in sunkuyar da kai in ɗauki saƙona. Haka muka saba, har muka daina ganin abin a matsayin abin dariya.

Shi Uwaisu ɗan cikin garin Gwarzo ne, gidansu 'yan tireda ne, bai tashi da fartanya a hannu ba. Sana'arsa feshin maganin ciyawa. Kullum injin feshinsa yana ɗaure a bayan babur, daga Getso har Kutama babu manomin da bai san shi ba. Abin da yake alfahari da shi shi ne, gonar da ya bi ko tsinke ba za ka gani tsakanin kunyoyi ba. Mutumin kirki ne, ba don mijina ne na faɗa ba, sai dai da ya ga koren abu ya fito ba a kan layi ba, hannunsa ya fara ƙaiƙayi ke nan.

Shekarar da abin ya faru ta zo mana a karkace. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi bai yi ido ba, kafin a kai tsakiyar sabuwar damina ana ganin gindin rumbu. Tuwo muke ci da miyar kuka tsura, da safe koko, da rana in an samu a jiƙa gari. Ciki yana cika, amma jiki ya san ba a ba shi komai ba. Da muna yara, lokacin marka mace takan fita bayan gari ta ciko zani da tafasa da lalo ba tare da ta tambayi kowa ba. Yanzu sai ki zaga gonaki ki dawo hannu rabbana, ko'ina an share tas. Ɗan ganyen da ake kawowa kasuwa kuwa ya fi ƙarfin irinmu.

Zinnira tana da wata ashirin, na riga na yaye ta saboda ina da wani cikin. A al'ada gidan kaka ake kai yaro yaye, amma Uwaisu ya ce shi ba zai iya kwana bai ga 'yarsa ba, na biye masa. Sai gudawa ta kama ta, ta yi kwanaki, da ta tsaya kuma yarinya ba ta koma daidai ba. Ta rame, gashinta ya yi ja. Ta fara tafiya da ma, sai ta daina. 'Yan kalmomin da ta iya, "Baba" da "ruwa", su ma suka ɓace. Inda kika ajiye ta nan za ki dawo ki same ta, tana bin ki da ido kawai. Shirun nan nata shi ya fi komai tayar mini da hankali.

Na kai ta ƙaramin asibitin garinmu. Ma'aikaciyar da ke duba yara, Malama Badi'a, ta ɗauko wani siririn abin awo mai launi uku ta naɗa mata a damtse.

"Kin ga nan, Murja? Kore lafiya ke nan. Ja kuma tamowa ta yi ƙarfi, sai an tura ku babban asibiti. 'Yarki tana kan ruwan ɗorawa, kuma ta fi kusa da ja."

Na ce, "Malama, wallahi tana cin tuwo."

"Na yarda tana ci. Ba tuwo kaɗai take nema ba. Ganye, wake, gyaɗa, nono in da hali. Ki dawo da ita nan da sati shida mu sake aunawa. In kuwa kika ga ƙafarta ta kumbura ko ta ƙi abinci, ko gobe ne ki kawo ta."

Na goyo ta na dawo gida ina kuka a hanya, ban damu da masu kallona ba.

Ban san wa ya kai labari Gude ba. Kwana biyu tsakani sai ga Gwaggo Asibi, ƙanwar marigayi babanmu, wadda gidanta yake jikin na Inna. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce, "Yelwa ta ce a ba ta ƙawarta." Wannan karon Uwaisu bai hana ba. Shi da kansa ya ɗaure kayan yarinyar, idonsa jajir.

Tun daga ranar, duk wanda zai bi ta Gude sai Uwaisu ya ba shi saƙon biskit da taliyar leda ya kai wa 'yarsa. A wajensa abincin gina jiki ke nan, tunda a leda yake, kuma da hoton yaro mai kumatu a jiki.

Da aka yi sati uku muka shirya zuwa dubo ta. Na hau bayan babur, injin feshi yana tokare mini baya. Ban kawo komai a raina ba, don ko ɗaurin aure za shi da injin nan yake tafiya. Ashe da abin da ya ƙulla. Daga baya ya gaya mini cewa wani ne a majalisarsu ya yi masa ba'a, wai ga mai feshi guda, amma gonar surukarsa ta zama daji. Maganar ta tsaya masa a rai, ya ƙudura zai yi wa Inna aikin da ba za ta manta ba. A nan kam bai yi ƙarya ba.

Gonar da ake magana gayauna ce a bayan gidanmu, an kewaye ta da dangar kara. Akwai 'yan layukan dawa a ciki, amma ba don su Inna take ji da ita ba. Tsakanin layukan tafasa ce da lalo da karkashi da gasaya da zaki-banza, sun haɗu sun cakuɗe. Duk kaka Inna takan bi su ta tsinke iri ta ƙulle a tsumma, ruwan farko ya sauka ta watsa. Baƙo ya leƙa zai ce gonar da aka yi wa ƙaura ce. Amma gida huɗu ne suke miya daga cikinta, da sassafe matan maƙwabta suke shigowa kowa ta tsinki na yini.

Muka isa da hantsi. Uwaisu ya durƙusa a wurinsa na kullum.

"Inna, ina kwana? Mun same ku lafiya? Ya damina? Ya ƙoƙari da yarinya?"

"Lafiya lau. Alhamdu lillahi. An zo lafiya? Ya mutanen gida?" Duk tana kallon bango.

Ni kuwa idona yana kan Zinnira. Tana zaune a tabarma da ɗan kwano tsakanin ƙafafunta, hannu dumu-dumu da kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, tana turawa a baki. Kumatunta sun fara tasowa. Ba ta yi magana ba, ba ta kuma tashi ba, amma da ta gan mu ta yi murmushi, abin da na yi wata biyu ban gani ba. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Uwaisu ya washe baki, ya raɗa mini cewa, "Kin ga aikin biskit ko?" Sannan ya ce zai ɗan zaga ya dawo. Ni ma na shiga gidan Gwaggo Asibi gaisuwa.

Muna cikin hira, Gwaggo tana ba ni labarin yadda Inna take dama wa yarinyar kunun gyaɗa da nonon akuya, sai muka ji muryar Inna daga bayan gida. Inna da ko akuya ba ta ɗaga wa murya.

"Ƙawata! Kin ga ana zuba wa kwanonki guba? Ki ce a bari! Ƙawata, ki ce don Allah a bari!"

Muka kwasa da gudu, Gwaggo ko takalmi babu. Abin da na gani har yau in na tuna sai dariya da takaici su haɗu mini. Inna tana tsaye can nesa a bakin danga, ta rungume Zinnira ta toshe mata hanci da gefen mayafi, ta juya wa gayaunar baya, tana ta yi wa yarinya magana da ƙarfi. A cikin gayauna kuma ga Uwaisu, ya ɗaure hanci da ƙyalle, inji a baya, yana ta bugawa yana fesawa. Ya ji muryar Inna sarai, har ya tsinci kalmar "a bari". To amma a tarbiyyar da aka yi masa, idan babba ya ga kana yi masa aiki ya ce ka bari ka huta, ladabi shi ne ka ƙara himma. Sai ya ƙara sunkuyar da kai, ya ƙara sauri. Inna tana ƙara murya, shi yana ƙara bugu.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Uwaisu!"

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba, balle a gaban Inna. Ya tsaya cak. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ina jin kiran sunan ya fi feshin girgiza ta. Gwaggo Asibi ta riƙe haɓa tana salati.

Ya zare ƙyallen ya ce, "Lafiya? Saura kaɗan in gama."

Na ce, "Ka gama ai! Abincin 'yarka ne ka fesa wa magani. Me kake tsammani take ci take murmurewa?"

Ya dubi ganyen da ke ɗigar magani, ya dube ni. "To biskit ɗin fa?"

Gwaggo ce ta ba shi amsa. "Yana cikin kwalla, ɗan nan. Ɗai-ɗai ake ba ta in ta cinye kwaɗonta."

Na taɓa ganin mutum ya ji kunya, amma ban taɓa ganin irin ta ranar ba. Ya sauke injin a hankali, ya durƙusa a cikin kunya, ya kasa ɗaga kai. Ya riga ya fesa fiye da rabi, sauran ma iska ta kai musu, babu mai yarda ya ba yaro. Abin da ya tsira sai zogale uku da ke can gaban gida. Ni kam raina ya ɓaci ƙwarai, don saura sati uku a sake awo, ga kuma gida huɗu da aka bari babu miya.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta gyara wa Zinnira zama a kafaɗa ta ce, "Mu koma ciki, ƙawata. Ki ce wa ubanki ya je ya yi wanka da sabulu kafin ya taɓa ki. Ki ce an gode da niyya."

Wannan "an gode" ɗin shi ya ƙarasa shi. A hanyar komawa Getso, sai da muka kusa gida ya ce, "Murja, ganyen nan a ina ake samunsa?" Na ce, "Inda ba ka bi ba."

Washegari da ya idar da sallar asuba ya kwance injin daga babur, ya ɗaura buhu. Ya dawo bayan azahar fuska a yamutse. Ya ce ya zaga gonakin Getso, ya bi hanyar Kutama, duk gonar da ya tsaya sai ya tarar da ita fes, kuma sai ya tuna ranar da ya fesa ta da hannunsa. Ya ce, "Ashe ni nake share miyar mutane ina karɓar sannu da aiki." Na so in ce masa ai na daɗe da sani, sai na ga ba shi da ƙarfin ɗauka, ni ma kuma gaskiya ban taɓa haɗa abin a raina ba sai ranar.

Kwana na biyu ya dawo da murna. Ya samu wani kwari cike da tafasa, ya ciko buhu har yana ɗinkewa da ƙyar, ya wuce da shi Gude kai tsaye. Gwaggo Asibi ce ta ba ni labarin yadda aka yi. Inna ta kwance buhu, ta ɗebo ganyen ta shinshina, ta dubi Zinnira.

"Ƙawata, zazzaɓi kike yi ne ban sani ba? Ga ubanki ya kawo mana rai-ɗore buhu guda. Ki ce masa wannan magani ne, ba a kwaɗo da shi. Ki ce ya je Kutama ya nemi kakanki Sajo, ya ce ni na turo shi."

Gwaggo ta ce ita sai da ta shiga ɗaki ta toshe baki da filo. Rai-ɗore da tafasa suna kama a idon wanda bai sani ba, amma ko yarinya 'yar shekara bakwai a Gude ba za ta haɗa su ba, warin kaɗai ya isa.

Kawu Sajo yayan Inna ne, shi kaɗai ya rage a danginmu da 'yan shanu. A bayan gidansa akwai tsohon masheƙari, inda shanu suka shekara suna kwana, taki ya ratsa ƙasar, kuma bai taɓa yarda an kawo inji kusa da wurin ba saboda dabbobinsa. Ganye a nan har gwiwa. Matarsa, Inna Marka, ita ta karɓi Uwaisu a hannu. Ba surukarsa ta kai tsaye ba ce, kuma ita bakinta ba ya da ƙofa.

"Kai ne mai feshin? To zo in ga ko hannun ya iya wani abu ban da kisa. Ba tumɓukewa ake yi ba! Toho za ka tsinka, na saman nan mai laushi, da farce. In ka bar uwar, jibi ta sake ba ka wani."

Ta koya masa bambanta gasaya da zaki-banza, ta nuna masa lalo da karkashi, ta sa shi ya tauna ɗanyen kowanne don kada ya sake kai wa mutane magani. Tun daga ranar, kullum da sassafe yana Kutama a tsugune cikin raɓa, daga nan ya wuce Gude ya ajiye buhu a zaure, sannan ya tafi neman abin da za mu ci. Buhun na gida huɗu ne, don Inna ta gaya wa ƙawarta cewa ba ita kaɗai aka yi wa ɓarna ba.

Labari ya karaɗe Getso. Tsinkar ganye aikin mata ne, ga ƙato da gemu yana yi. 'Yan majalisarsu suka sa masa suna Sarkin Tafasa, yana wucewa ana tambayarsa nawa ne ƙulli. Na zaci zai ji haushi, sai na ga ko a jikinsa. Abin da ya ba ni mamaki, ba a yi kwana biyar ba matan waɗannan masu ba'ar suka fara sallama a gidana da 'yan kwanoni a ƙarƙashin mayafi. "Maman Zinnira, ko Malam ya rago ɗan lalo?" Ashe kowa yana cikin halin da nake ciki, kowa ya yi shiru ne kawai. Sai ya koma cika buhu biyu, Inna Marka tana mita tana taya shi.

Ran nan ya je yi wa wani Alhaji Jibirin feshi, sai ya ce masa zai bar taku uku a gefen gona ba zai fesa ba. Alhaji ya ce shi aiki cikakke ya kira shi ya yi. Uwaisu ya ce, "Alhaji, jiya da me aka yi miya a gidanka?" Alhaji ya tuna daga buhun Uwaisu aka ɗiba. Ya ce to a bar taku biyu. Ba kowa ne ya yarda ba, wasu ma sun daina kiransa sun koma wa wani mai injin. Amma an samu gonaki da dama da aka bar wa gefe.

Gayaunar Inna kuwa ta ƙone ƙurmus cikin kwana uku. Da aka yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, Uwaisu ya ari fartanya ya je ya kafce ta shi kaɗai. Hannun da bai saba ba ya yi ƙulu-ƙulu da bororo. Inna ta leƙa ta danga, ta koma ɗaki ta ɗauko tsummokaran irinta, ta ɗora a cinyar Zinnira ta ce, "Ƙawata, ki ce a watsa, ba a layi ake shuka wannan ba." Ya watsa, amma Gwaggo ta rantse ta ga yana satar daidaita su da ƙafa.

Ranar da sati shida suka cika, muka je Gude da wuri muka ɗauko Zinnira muka kai ta asibiti. Ta yi nauyi a baya, na ji a jikina, amma ban yarda da jikina ba. Ta fara miƙewa tana dafa bango, sai dai har ranar ba ta ce komai ba. Layi ya yi tsawo. Uwaisu yana waje a jikin taga, wai shi ba zai iya shiga ba.

Malama Badi'a ta naɗa abin awon a damtsen yarinyar, ta ja a hankali, ta kanne ido tana dubawa. Ta sake kwancewa ta naɗa.

"Kore," ta ce. "Bakin-bakinsa ne, amma kore ne. Me kuka ba ta?"

Kafin in buɗe baki aka amsa daga taga. "Tafasa da gasaya, Malama, toho ake tsinka, ba a tumɓukewa! Da ƙuli da wake da nonon akuya!"

Matan da ke layi suka kwashe da dariya. Ni ma ina dariya hawaye yana zuba. Malama ta ce kada mu saki, a ci gaba da abin da ake ba ta, magana kuma za ta dawo in jiki ya ƙara ƙarfi.

Daga nan Gude muka koma, don Inna ce ta fi cancanta ta fara ji. Muka tarar ta riga ta haɗa kwaɗo a babban kwano, wai ita ko a jikinta, amma Gwaggo ta ce tun safe ta leƙa zaure ya fi sau goma. Na sauke Zinnira a tabarma kusa da ita. Uwaisu ya je wurinsa na kullum kusa da turke ya durƙusa. Ni ba zan iya gaya wa Inna kai tsaye ba, sai na gaya wa Gwaggo da ƙarfi cewa awo ya nuna kore.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," sau uku, tana kallon bango. Sannan ta zuba kwaɗo a ƙaramin kwano ta tura gaban yarinyar.

"Ƙawata, ki ce wa ubanki gayauna ta tsiro, na gani. Ki ce masa aiki ya yi kyau. Ki ce masa yau kam ya ci abinci a gidan nan."

Muka sunkuyar da kai kamar yadda muka saba, saƙo ya wuce ta saman kan Zinnira ya isa inda za shi. Uwaisu bai taɓa sa ko ruwa a baki a gaban Inna ba, kuma kowa ya san yau ma godiya zai yi ya ce a ƙoshe yake.

Sai Zinnira ta dubi kakarta, ta dubi ubanta. Ta cusa hannu a kwano ta damƙo kwaɗo. Ta dafa gwiwar Inna ta miƙe, ta saki. Babu wanda ya yi motsi a cikinmu. Ta taka ɗaya, ta yi tangaɗi, ta taka biyu, ta ratsa tsakar gida tana zubar da rabin abin da ta ɗebo, har ta isa gaban ubanta ta dafa kafaɗarsa.

"Baba," ta ce. "Ci."

Ta tura masa a baki, har da hanci. Ya tauna, ya haɗiye, a gaban surukarsa, hawaye yana bin gemunsa. Gwaggo Asibi ta rangaɗa guɗa har awaki suka firgita. Ni kuwa sai hamdala nake ta yi.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Da ta samu numfashi sai ta ce, "Ashe duk kina ji, ƙawata. To daga yau sai in riƙa kula da bakina, tunda 'yar aike ta fara kai saƙo." Ta goge ido da gefen mayafin, ta tura babban kwanon gaba. "Zo ki ce wa uwarki ta kai masa wannan. Loma ɗaya ba ta isar mai noma."